Kiɗa da Kamara a Fina-finan Ban Tsoro: Yadda Ake Gina Zullumi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan silima ana nuna fim na ban tsoro ya san wani hali da kan sami ƴan kallo. Tun dodo bai fito ba, tun ba a zare wuƙa ba, sai a ji hira ta ɗauke, a ga wasu sun kai hannu ga fuska suna leƙe ta tsakanin yatsu. A kan allo kuwa ba abin da ya faru tukuna: mace ce ke tafiya a kan hanya, ko yaro ke wasa a ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce binciken abin da ke kawo wannan hali, ta hanyar duba waɗansu fina-finai da aka yi a Amurka da Ingila daga 1942 zuwa 2018.

Abin da za a nuna shi ne, kiɗa da kamara suna raba sani tsakanin kunne da ido. Wani lokaci a ba kunne labari, a hana ido tabbatar da shi. Wani lokaci kuma a nuna wa mai kallo abin da wanda ke cikin fim bai gani ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Aikin gwanin fim na ban tsoro shi ne ya jinkirta wannan gani gwargwadon iko, domin da zarar an ga abu sarai, an san girmansa da iyakarsa, rabin tsoronsa ya tafi.

2. Razana da zullumi

Kafin a shiga misalai ya kamata a rarrabe kalmomi biyu da akan haɗa su ƙarƙashin kalmar tsoro. Razana, ko firgita, aba ce ta farat ɗaya: ƙofa ta bugu, jiki ya zabura, nan da nan kuma ya koma daidai. Zullumi kuwa damuwa ce da ke zaune a zuci game da abin da ake tsammanin aukuwarsa, ba a san lokacin ba, ba a kuma da ikon hana shi. Razana ba ta buƙatar sani. Zullumi ba ya samuwa sai da sani, amma sani ragagge.

Alfred Hitchcock ya bayyana wannan bambanci a hirar da ya yi da François Truffaut, mai tsara fim na Faransa, a 1962, wadda aka buga a littafi a 1966. Misalin da ya kawo na mutum biyu ne suna hira a tebur, akwai bam a ƙarƙashinsa. In ƴan kallo ba su san da bam ɗin ba, ya tashi, sun sami razana ta sakan 15. In kuwa sun ga sa'ad da aka ajiye shi, sun san zai tashi da ƙarfe ɗaya, ga kuma agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata, to wannan hirar banza ta zama zullumi na minti 15. Dabarun da za a duba a gaba duk hanyoyi ne na ajiye irin wannan bam a gaban mai kallo, ko dai ta ido ko ta kunne.

3. Kamara: abin da aka nuna da abin da aka hana

Allon silima yana da iyaka ta fuska huɗu, kuma mai kallo ba shi da ikon waiwaya. Inda aka kai idonsa nan zai duba. Wannan rashin iko shi ne jarin farko na mai tsara fim.

A fim ɗin Hitchcock mai suna The Birds, wato tsuntsaye, na 1963, akwai fitowar da ke nuna haka a fili. Wata mata, Melanie, ta zauna a kan benci a wajen makaranta tana jiran a tashi yara. A bayanta akwai ƙarafan da yara ke hawa don wasa. Hankaka ɗaya ya sauka a kansu, ita ba ta gani ba. Kamara ta koma kanta tana shan taba, ta sake komawa ga ƙarafan, hankaki sun ƙaru. Aka yi ta wannan kai da kawowa har mai kallo ya saba da ƙirga. Daga nan sai kamara ta tsaya a kan fuskarta ta ƙi motsawa. A wannan lokaci mai kallo ya san ana taruwa a baya, amma an hana shi ganin yawan da aka kai. Sai da ta hangi hankaka guda a sama, ta bi shi da ido har ya sauka, sannan aka nuna ƙarafan sun yi baƙi ƙirin da tsuntsaye. Dabarar hawa biyu ce: da farko an fifita mai kallo a kan matar wajen sani, daga baya an rufe masa ido kamar yadda nata yake a rufe. Abin da kawai ke tashi a kunne shi ne waƙar da yara ke rerawa a cikin aji, mai yawan maimaici, wadda ke ƙara tsawo a kowane zagaye kamar yadda hankakin ke ƙaruwa.

John Carpenter ya bi wata hanya a Halloween na 1978. Fim ɗin ya buɗe da ɗauka ta kimanin minti huɗu wadda ba a ganin inda aka yanke ta. Kamara ta zama idon wani da ba a sani ba: ta zagaya gida, ta leƙa taga, ta shiga ta ƙofar baya, hannu ya ɗauki wuƙa, ta hau bene. Mai kallo ya san nufin mai wannan ido, an kuma tilasta masa tafiya tare da shi. Sai a ƙarshe aka juyo da kamara, aka ga yaro ne ɗan shekara 6. A sauran fim ɗin kuwa Carpenter da mai ɗaukar hotonsa, Dean Cundey, sun yi amfani da faɗin allo. Sukan ajiye yarinyar da ake farauta a gefe ɗaya, su bar ɗaya gefen fili ko duhu, idon mai kallo ya yi ta sintiri a wurin. Kusa da ƙarshe, tana tsaye a bakin wata ƙofa mai duhu, aka riƙa ƙara haske kaɗan-kaɗan har farar fuskar makashin ta bayyana a bayanta, kamar da ma tana nan ido ne bai saba da duhun ba.

4. Kiɗa: take da alkawari

Mai sauraron kiɗan Hausa ya san take. In makaɗi ya buga taken ɗan kokawa ko na basarake, an san wanda ke tafe tun ba a hange shi ba. Kiɗan da John Williams ya tsara wa Jaws, fim ɗin Steven Spielberg na 1975, take ne a wannan ma'ana. Labarin na wani babban kifin teku ne mai cin mutane, wanda ya addabi wani gari na bakin ruwa. Taken nasa amo biyu ne kawai, maƙwabtan juna, tazarar da ke tsakaninsu ita ce mafi ƙanƙanta a ma'aunin kiɗan Turawa, kuma manyan goguna masu kaurin murya ne ke fara su. Suna somawa a hankali, da rata a tsakani, sannan su riƙa sauri suna ƙara ƙarfi. Ruwa ya ɓoye nisan kifin, kiɗa ya faɗe shi.

Larura ta taimaka wajen wannan tsari. Kifin ƙarfe da roba da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri na tsibirin Martha's Vineyard, inda aka yi ɗaukar. Saboda haka ba a ga kifin sosai ba sai bayan an wuce sa'a guda. A madadinsa aka sa kamara a ƙarƙashin ruwa tana duban ƙafafun masu iyo daga ƙasa, aka sa taken, daga baya kuma aka sa gangunan rawaya da aka ɗaura masa suna gudu a bisa ruwa.

Muhimmin abu a nan shi ne, taken alkawari ne, kuma an riƙe shi. Tun fitowar farko, inda kifin ya kama wata yarinya mai iyo da dare, an koya wa mai kallo cewa wannan amo yana nufin mutuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A fitowar bakin ruwa, shugaban ƴan sanda Brody yana zaune yana tsaron masu wanka. Ya ga wani baƙin abu a ruwa, ashe hular wani tsoho ce. Ya ji ihun wata budurwa, ashe wasa take da saurayinta. Duk ba a sa take ba. Sai da kamara ta nutse ƙarƙashin ruwa taken ya tashi, aka kama yaron da ke kan katifar roba. A nan ne aka yi wata dabara da aka fara sani a Vertigo na Hitchcock a 1958: kamara tana matsowa kusa da fuskar Brody, gilashinta kuma yana buɗewa, sai fuskar ta tsaya yadda take, bayanta kuwa ya ja da baya kamar duniya ta miƙe. Haka nan ranar da yara biyu suka tsorata jama'a da fiffiken kifi na ƙarya, ba a buga taken ba, mai kunne ya gane ba shi ba ne.

Amfanin riƙe alkawari shi ne a sami damar saɓa shi sau ɗaya. Can a tsakiyar teku, Brody yana zuba nama a ruwa yana ƙorafi, ba kiɗa ko kaɗan, sai kan kifin ya ɓullo a bayansa. Wannan razana ta yi tasiri ne domin an shafe fiye da sa'a guda ana koya wa mai kallo cewa shiru aminci ne.

Kiɗan Halloween, wanda Carpenter ya tsara da kansa a kan fiyano, yana aiki ta wata fuska. Yawancin kiɗan da kunnen Bature ya saba da shi ana ƙirga shi bugu huɗu-huɗu ko uku-uku. Wannan kuwa bugu biyar-biyar ne, yana ta zagaye ba ya sauka, kamar mai ɗingishi da ba ya gajiya. Carpenter ya ba da labarin cewa ya nuna wa wata ma'aikaciyar kamfanin fim aikin tun ba a sa kiɗa ba, ba ta ji tsoro ba ko kaɗan, daga nan ya ƙudura cewa da kiɗa zai ceci fim ɗin.

5. Inda biyun suka haɗu

Psycho na 1960 shi ne misalin da ya fi shahara. Bernard Herrmann ya tsara kiɗansa da dangin goge kaɗai, manya da ƙanana, ba ganga ba algaita, don ya dace da hoton da ba shi da launi sai fari da baƙi. Marion, wadda ƴan kallo suka ɗauka ita ce jigon labari, ta sauka a wani masaukin matafiya ta shiga wanka. Ba kiɗa, sai ƙarar ruwa. Ta cikin labulen wanka aka ga ƙofa ta buɗe, inuwa ta shigo. Kamara ta bar Marion ta matsa a hankali wajen inuwar. Wannan ɗan lokaci shi ne zullumin. Da aka yaye labule sai gogunan suka tsala ƙara mai kaifi, ana caka su maimakon a ja su, kamar saran wuƙa.

An shafe kusan mako guda ana ɗaukar wannan fitowa. Lissafin da ya shahara shi ne an girka kamara sau 78, aka yi yanka 52. Hotunan gajeru ne ƙwarai, na kusa: baki, hannu, wuƙa, ruwa. Ba a nuna rauni a buɗe ba. Ƙarar sukan ma ta wuƙa ce a jikin wani irin kankana. Mai kallo ne ke haɗa guntayen a ransa ya ga abin da ba a nuna masa ba. Da fari Hitchcock ya so a bar wurin ba kiɗa, Herrmann ya rubuta duk da haka, da ya ji kuma ya yarda.

In an auna da rabon da aka yi a sama, wannan kiɗa na razana ne. Darajarsa tana ga abin da ya haifar. An kashe jigon labari tun ba a kai rabin fim ba, saboda haka ba wanda ya tsira a idon mai kallo. Sa'ad da mai bincike Arbogast ya shiga gidan da ke kan tudu yana hawa matakala, gogunan suna riƙe da amo siriri a sama-sama, aka nuna ƙofa tana buɗewa, haske ya zubo ƙasa. Bam ɗin da aka ajiye a wurin wanka shi ne ke aiki a nan. Daga nan kamara ta haye can sama tana duban su daga rufi, abin da ya ƙara ruɗa mai kallo, ya kuma ɓoye fuskar mai wuƙar ba tare da an lura ana ɓoye ta ba.

6. Shiru

Shiru ma magana ce. A Cat People na 1942, wanda Jacques Tourneur ya tsara ƙarƙashin Val Lewton, wata mata mai suna Alice tana tafiya da dare a gefen wani bango, daga hasken fitila zuwa duhu, daga duhu zuwa haske. Tana jin takun takalmi a bayanta. Sai takun ya ɗauke. Ba kiɗa, ba kowa a hanya. Ɗaukewar takun ta fi takun ban tsoro, domin a da an san inda mai binta take, yanzu ba a sani ba. Can sai wani huci kamar na damisa ya cika kunne, ashe motar safa ce ta taka birki a gabanta.

Stanley Kubrick ya yi amfani da shiru da maimaici a The Shining na 1980. Garrett Brown, wanda ya ƙirƙiro na'urar Steadicam mai hana kamara girgiza in ana tafiya da ita, ya sauke ta kusa da ƙasa ya bi yaro Danny yana tuƙa kekensa mai ƙafa uku a lungunan wani babban otal da ba baƙi a cikinsa. A zagayen farko ba kiɗa: ƙafafun keke suna ruri a kan daɓen katako, su yi tsit a kan darduma, su sake ruri. Kowace kwana yaron yana riga kamara karyawa, kuma ba abin da ya faru. A na biyu ya tsaya a ƙofar ɗaki mai lamba 237, kiɗan Béla Bartók yana tashi a hankali. A na uku ya karya kwana ya tarar da ƴan mata biyu a tsaye, da kiɗan Krzysztof Penderecki. Mai ba da tatsuniya ya san wannan tsari, inda ake maimaita tafiya da waƙa sau biyu lafiya don na uku ya yi nauyi. Abin lura kuma, otal ɗin a haskake yake. Kwana ce ta yi aikin da duhu ke yi a sauran fina-finai.

7. Inda dabarar ke lalacewa

Motar safar Lewton ta haifi ƴaƴa da yawa, kuma ba duka ne na kirki ba. Fina-finai masu yawa na baya sun ɗauki ƙarar suka bar tafiyar da ta gabace ta. Sai a yi shiru na ɗan lokaci, kyanwa ta faɗo daga kabad ko aboki ya dafa kafaɗa, a saki ƙara mai tsanani. Jiki zai zabura, domin kowane mai rai yana zabura in an buga masa ƙarfe a kunne, amma wannan ba gwaninta ba ce. Illarsa ita ce, in kiɗa ya yi ƙarya sau uku, mai kallo ya daina gaskata shi, take ya zama hayaniya.

Manyan ma ba su kuɓuta ba. Halloween ya yawaita irin wannan ƙara ta ba-zata, har a wuraren da hoton kaɗai ya wadatar. Spielberg da bakinsa ya ce haɗama ta kama shi bayan gwajin farko na Jaws: ya ƙara wata fitowa inda kan gawa ke leƙowa daga hudar jirgin da ya nutse, wadda aka ɗauka a tafkin wanka na gidan Verna Fields, mai haɗa hotunan fim ɗin. Ya sami ihun da yake nema, amma ya lura cewa ihun da ake yi wa ɓullowar kifin daga baya ya ragu, domin ƴan kallo sun riga sun shiga taitayinsu. Haka kuma a ƙarshen fim ɗin, da kifin ya hau jirgi aka gan shi tsaf, ya fi kama da abin da aka ƙera. Gani ya kori ji.

A Quiet Place na John Krasinski, na 2018, ya nuna cewa tsohuwar dabarar ba ta mutu ba. Dodannin cikinsa makafi ne, da ji suke farauta, don haka kowane motsi haɗari ne. An nuna ƙusa ta miƙe a kan matakala tun da wuri, aka bar mai kallo yana jiran ƙafar da za ta taka ta. In an koma ga yarinyar gidan, wadda kurma ce, sai a ɗauke sauti gaba ɗaya, mai kallo ya ga dodo a bayanta ita ba ta ji ba. Sai dai kiɗan Marco Beltrami yakan kutsa da ƙara a wuraren da dokar labarin ta nemi shiru, kamar masu fim ɗin ba su amince da abin da suka gina ba.

8. Kammalawa

Daga misalan nan ana iya fitar da ma'auni ga mai nazarin irin waɗannan fina-finai. A kowace fitowa ya tambaya: me mai kallo ya sani wanda na cikin fim bai sani ba, ta ido ya san shi ko ta kunne, kuma tsawon wane lokaci aka bar shi da wannan sani? Inda amsar ta zama ba abin da ya sani, razana ce kawai aka sayar masa.

Akwai kuma sharaɗi game da yadda ake kallon. Tsohuwar talabijin mai ƙaramin allo takan datse gefunan hoton Halloween, wato daidai inda makashin ke tsayawa. Lasifikar wayar hannu kuma ba ta iya fitar da amo mai kauri irin na farkon taken Jaws. Wanda ya yanke wa waɗannan fina-finai hukunci ta irin wannan kallo, ya yanke shi ne a kan rabin aikin. Duk mai son ya gwada abin da aka faɗa a nan, ya kalli fitowar bakin ruwa ta Jaws sau biyu, sau ɗaya da sauti a rufe, sau ɗaya da ido a rufe, sannan ya auna wanne ya fi sa masa faɗuwar gaba.